Mukhtaru ɗan Wada da Ɗaurin Ruwan Shu'aiba

Haihuwa da Asali

An haifi Malam Mukhtaru ɗan Wada a birnin Makka mai alfarma, a unguwar Nakkasa, cikin watan Rabi'ul Awwal na shekara ta 1329 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1911 ta Miladiyya. Mahaifinsa shi ne Alhaji Wada Bakabe, ɗan gidan sarautar ruwa na wata tunga da ake kira Tungar Maiyashi a ƙasar Kabi, wanda ya baro gida da ƙafa a shekarar da Nasara suka ci ƙasar Hausa, ya yi shekara shida a hanya yana noma yana kamun kifi a kogunan Sudan, kafin Allah ya kawo shi Ɗakinsa. Mahaifiyarsa kuwa Saudatu ce, 'yar wani mahauci Basakkwace, wadda Wada ya aura a hanya suka tsallako teku tare.

Mutumin da kakanninsa suka mulki gulbi ya wayi gari a kwarin da ba ko rafi, yana ɗaukar gwangwani biyu a kafaɗa yana sayar da ruwa gida-gida. Shekara shida ya yi yana wannan ga-ruwa, kuma bai taɓa yafe wa gwangwanin ba. A shekara ta 1333 ya ajiye su, ya bi ayarin raƙuma zuwa gaɓar Shu'aiba, tafiyar kwana biyu daga Makka, ya roƙi masuntan Larabawa su ɗauke shi a huri, wato ƙaramin kwalekwalensu na itace guda.

Gurbin Wada da Al'adar Ɗauri

A can Wada ya haɗu da kifin da Larabawa ke kira abu-shira. Babban kifi ne da ya ɗara tsawon mutum, bakinsa dogo mai tsini kamar mashi, a gadon bayansa akwai wata faffaɗar ƙaya da yake buɗewa sai ka ce ƙyallen da ake ɗaga wa jirgi don iska ta tura shi. Namansa ja ne, yana karɓar gishiri, yana wata biyu bai lalace ba, shi ya sa talakawan Makka suka fi sonsa. Wada ya lura, da idon wanda aka haifa a kan ruwa, cewa a bayan wani dutsen murjani akwai wuri mai zurfi inda matan abu-shira ke taruwa da cikinsu cike da ƙwai, daga lokacin da tauraruwar Surayya ta fara fitowa da asuba har zuwa fitowar tauraron Suhailu, kimanin kwana saba'in da 'yan kai na tsananin zafi. Wannan wuri shi aka riƙa kira Gurbin Wada.

Sai ya yi abin da gidansu ya saba yi. A Tungar Maiyashi, idan kifi ya shiga zubar da ƙwai, sarkin ruwa yakan ɗaure gurbi: ya kafa sanda, ya ɗaura mata farin ƙyalle, kuma daga ranar babu mai jefa ƙugiya ko taru sai an kwance. Ƙyallen ba kowane tsumma ba ne. Sarkin ruwa yana sayen likkafaninsa ranar da ya karɓi aiki, kuma daga jikinsa yake yagar kamu guda kowace shekara, don mutane su ga cewa bai hana su abinci da fatar baki ba, suturarsa ta ƙarshe ya ajiye jingina. Ba a ƙara wa likkafanin nan, ba a musanya shi. Ranar da sarkin ruwa ya rasu, kowane gida da ya ci daga gurbin yakan kawo kamu ɗaya na farin yadi a cike masa abin da ya yage.

Larabawa sun yi masa dariya shekara biyu. A shekara ta uku, da suka ga abin da ake kamawa bayan fitowar Suhailu, dattijonsu ya aiko masa da akuya, kuma daga nan huri goma sha ɗaya na Hausawa da Barebari da Larabawan ƙauye suka shiga ƙarƙashin ɗaurin.

Karatu da Koyon Sana'a

Mukhtaru ya yi karatun Alƙur'ani a zauren wani malami Bazazzagi a Nakkasa, ya sauke yana da shekara goma sha uku, sannan ya zauna a wata halƙar karatu a Masallacin Harami shekara biyu yana karanta littattafan fiƙihu na farko. Malamansa sun shaide shi da kaifin hadda da kuma taurin kai, kuma na biyun ne ya fi daɗewa tare da shi. A shekara ta 1344 mahaifinsa ya ɗauke shi zuwa gaɓa, inda ya koyi jan igiya da hannu, da gane wurin kifi ta hanyar shawagin tsuntsaye, da fiɗa da sa gishiri, da lodin raƙuma zuwa kasuwar Makka. Tafin hannunsa ya yi kanta har yana ɗaukar garwashi ya kunna fitila da shi.

A nan ya ƙulla abota da Baraka, wani Bahaushe ɗan hanyar Cadi da ya girme shi da shekara goma, wanda suka yi huri ɗaya da shi har ƙarshen aikinsu. Ya kuma haddace dokokin mahaifinsa na bayan kwance ɗauri: huri ɗaya ba ya wuce abu-shira uku a yini, macen da cikinta bai sace ba a sake ta, wanda bai kai gaba guda ba a mayar da shi ruwa.

Aure da 'Ya'ya

A shekara ta 1349 ya auri Ummulkhairi, 'yar Malam Rabi'u mai ɗinkin hula na unguwar Zahir, mace mai haƙuri a aiki, marar haƙuri a magana. Ita kaɗai ya aura. Allah ya ba su 'ya'ya shida, biyu suka koma tun suna goye, huɗu suka rayu: Lurwanu a 1350, Ramlatu a 1353, Mahmudu a 1357, da Maimuna a 1364. Ummulkhairi ce ke sayar da busasshen kifin a ƙofar gida, idan lokacin Hajji ya zo kuma ta fita Arfa da tukunyarta ta dafa wa alhazai. Maƙwabta sukan tsokane ta da cewa ita ce matar Sarkin Ruwan Makka, garin da ko kwaɗo bai taɓa kuka ba, ita kuwa takan ce su fara mayar da kifin da ke cikinsu tukuna.

Rasuwar Mahaifi da Karɓar Amana

Alhaji Wada ya rasu a Makka cikin Muharram na shekara ta 1352, wato 1933. Kafin cikawarsa ya kira ɗansa ya yi masa wasiyya da harshen Kabi wanda bai taɓa bari ba: "Mukhtaru, ruwa ba naka ba na, amana ta. Duk wanda yat tambaye ka dalilin ɗauri, ka gaya mai duka, kada ka rage komi. Ɗauri bai hawa kan wanda bai ji ba."

Da aka buɗe likkafanin Wada an tarar ya yage kamu goma sha bakwai. Kafin azahar gidajen masunta suka fara shigowa da farin yadi, har Larabawan da ke cikin gari suka kawo nasu, aka cike, aka yi rara, aka suturta wani baƙon alhaji da ragowar. Mukhtaru ya ga wannan da idonsa yana ɗan shekara ashirin da uku, kuma ya ɗauka haka duniya take. Washegarin sadakar uku ya sayi turmin bafta kamu talatin, ya wanke shi da ruwan Zamzam, ya shanya a kan katangar gidansu. Da Surayya ta fito a shekarar ya yagi kamu na farko, ya kafa sandarsa a kan dutsen murjani.

Shekarun Yaƙi

Babbar jarrabawarsa ta farko ta zo a shekara ta 1362, wato 1943, lokacin da yaƙin duniya ya hana jiragen hatsi isowa Jidda kamar da, alhazai suka yi ƙaranci, yunwa ta shiga gidajen Nakkasa. Masunta suka taru suka roƙe shi ya kwance ɗaurin na wannan shekarar kaɗai. Ya ƙi. Ya ce su kama ƙananan kifi a bakin gaɓa, amma wanda ya taɓa gurbi ya fara tsallake gawarsa. A wannan zafin ne ɗiyar Baraka mai shekara huɗu ta rasu, kuma ko da yake zazzaɓi aka ce, kowa ya san abin da ya share wa zazzaɓin hanya. Baraka ya binne 'yarsa ya koma huri.

Da Suhailu ya fito aka kwance, aka kama kifin da tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba, raƙuma suka yi ta hawa Makka da shi wata uku. Mutane suka manta da zagin da suka yi masa, suka koma sa masa albarka. Shi kuwa bai manta da yarinyar ba, amma ya ƙara sakankancewa cewa yana kan daidai. Gaskiya yana kan daidai ɗin, sai dai wannan yaƙinin ne ya rufe masa ido shekara goma bayan haka.

Zuwan Lanci

Cikin watan Shawwal na shekara ta 1372, wato 1953, kwana tara bayan kafa sanda, wani jirgi mai inji, wanda mutanen gaɓa ke kira lanci, ya biyo ta Shu'aiba daga Jidda. Na wani attajiri ne da ke ba da shi haya ga Turawan da suka zo aikin kamfanoni, masu kamun manyan kifi don nishaɗi. Sun yi kwana biyu suna yawo a teku ba su kama komai ba, har sun juya za su koma, sai suka hangi farin ƙyalle yana kaɗawa a tsakiyar ruwa. Suka matso wurin hurin Mukhtaru da Baraka, waɗanda ke gadin gurbin, tafintansu ya yi sallama ya tambayi ma'anar ƙyallen.

Baraka ya taka masa ƙafa a cikin huri, ya ce da shi ƙasa-ƙasa: "Sarki, ce masu alamar dutse ce kada jirgi ya fashe. Khalas." Mukhtaru ya janye ƙafarsa. Mutum ya tambaya, kuma wasiyya ta ce a gaya masa duka. Sai ya miƙe tsaye, cikin Larabcinsa mai kyau na Harami, ya yi bayani dalla-dalla: inda zurfin ya fara, da lokacin da matan abu-shira ke zuwa, da ranar da suke watsewa, da irin ƙaramin kifin da suke bi, da dalilin da ya sa ba a taɓa su. Ya yi magana da alfaharin mai nuna wa baƙo gonarsa. Tafinta ya juya maganar, Turawa suka saurara da kyau, ɗaya ya ciro takarda ya rubuta, suka gode masa, suka miƙo masa taba ya ce ba ya sha.

Kafin la'asar ta ranar sun kama matan abu-shira biyar a gabansa. Ya yi ihu har muryarsa ta dushe, ya tuƙa huri ya sha gabansu, igiyar ruwan injinsu ta kusa kifar da shi. A gaɓa suka rataye kifin a jikin itace, suka tsaya kusa da su aka ɗauki hoto, suka yanke dogayen bakunan don su kafa a bangon ɗakunansu, suka bar naman da ƙwan a kan rairayi. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona masa rai har ya mutu: ba yunwa ta kawo su ba. A Tungar Maiyashi farin ƙyalle yana nufin kowa ya ja da baya. Bai taɓa zuwa masa a zuciya ba cewa akwai mutanen da za su karanta shi a matsayin nan ne wurin.

Makon da ya biyo baya lanci biyu suka zo. Da shekara ta kewayo suka zama biyar, kuma ba sa ma tambayar hanya, ƙyallen Mukhtaru suke nema da madubin hangen nesa.

Kai Ƙara

A shekara ta 1373 ya sa wani marubuci na ƙofar Harami ya rubuta masa takardar koke, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya hau mota zuwa Jidda. Ya yi kwana goma sha ɗaya yana zama a barandar wani ofishi, ana ce masa gobe. Daga ƙarshe wani akawu ya karanta takardar, ya dube shi ta saman tabarau, ya tambaye shi ko yana da takardar mallakar teku. Da ya ce teku ta Allah ce, akawun ya ce to ai magana ta ƙare. Sannan ya rage murya ya ba shi shawara, wai don yana tausayinsa: Batakure irinsa, wato baƙo ɗan ƙasar baƙar fata, da ke kafa sanda yana ɗaura mata yankin likkafani gara ya yi shiru, kada wani ya ji ya kira abin tsafi. Mukhtaru, wanda aka haifa a inda ake jin kiran sallar Harami, ya naɗe takardarsa ya fito ba tare da ya yi sallama ba.

Ummulkhairi ta ba shi shawarar da ta fi ta akawu amfani. Ta ce: "Malam, cire tsumman nan, ko ka kai shi wani dutse can nesa su yi ta wahala." Ya ce ɗaurin da aka ɓoye ba ɗauri ba ne, sandar da aka kafa a wurin ƙarya kuwa rantsuwa ce a kan ƙarya, shi kuma ba zai shiga kabari da ragowar yadin da ya yi ƙarya da shi ba. Ko da ya bi maganarta ma lokaci ya riga ya ƙure, domin wurin yana rubuce a takarda.

Watsewar Ɗauri da Shekarun Ƙarshe

A shekara ta 1374, wato 1955, masuntansa da kansu suka karya ɗaurin. Hujjarsu ba ta da wuyar fahimta: shekara da shekaru suna ɗaure ciki kwana saba'in, har sun binne 'ya'ya, ashe kiwo suke yi wa masu hoto. Idan ba su kama ba wani zai kama. Suka shiga gurbi da taru, bayansu jiragen 'yan kasuwa suka zo da manyan taruna, bayan su kuma wasu suka zo da nakiya suna jefawa a ruwa suna tsintar abin da ya taso. Ba su zagi Turawa ba, ba su zagi attajiri ba, domin waɗannan sun fi ƙarfin bakinsu. Mukhtaru suka zaga. Suka ce shi ya buɗe baki, wasu har suka ce sayarwa ya yi, alhali duk wanda ya ga takalminsa ya san bai sayar da komai ba.

Abu-shira na ƙarshe da aka gani a Gurbin Wada an gan shi a shekara ta 1956. Lanci suka daina zuwa, suka tafi neman wani wuri. Huri goma sha ɗaya suka watse, masu su suka koma Makka da Jidda suna dako da gini da wankin motoci. Baraka ma idonsa ya yi rauni, ya dawo Nakkasa wurin ɗan'uwansa.

Mukhtaru kaɗai ya ci gaba. Duk fitowar Surayya yakan buɗe akwati ya yagi kamu guda, ya je ya ɗaure ruwan da ba komai a cikinsa, ya zauna gadi har fitowar Suhailu, da fatan ko mace ɗaya za ta dawo ta samu wuri lafiya. A shekarar ƙarshe babban ɗansa Lurwanu, wanda ya zama direban motar alhazai, ya tare shi a ƙofa ya ce: "Abuya, haram alaik, me za mu rufe ka da shi?" Ya amsa cewa mutanen gurbi za su cike, haka aka yi wa mahaifinsa. Ko ya gaskata abin da ya faɗa ko bai gaskata ba, Allah ne masani. Ya dawo daga wannan zaman da tari a ƙirji, bai ƙara sauka gaɓa ba.

Rasuwa da Jana'iza

Malam Mukhtaru ɗan Wada ya rasu a gidansa na Nakkasa da hantsin ranar Asabar, sha huɗu ga watan Rajab na shekara ta 1378, daidai da Janairun 1959, yana da shekara arba'in da tara. Ya ɗaure ruwa sau ashirin da shida ba fashi. Da Ummulkhairi ta buɗe akwatin, kamu huɗu na bafta ta tarar.

Ya bar wasiyya cewa a sanar da gidajen masunta, kuma a jira su har azahar. Aka aika gida-gida, domin mafi yawansu a nan Nakkasa suke, wasu ma katanga ɗaya ta raba su da shi. Aka yi wanka, aka shimfiɗa tabarma a ƙofa, aka zauna. Wasu sun zo gaisuwa hannu rabbana, sun yi addu'a sun tashi. Mutum ɗaya ne ya zo da yadi: Baraka, wanda ya fi kowa dalilin ƙin zuwa, ya lallaɓo da sanda yana laluben bango, ya ciro kamu guda daga ƙirjinsa ya ajiye a kan gawar, ya ce: "Sarki, ga na gidana." Kamu biyar ba su rufe mutum ba. Da aka kira azahar Lurwanu ya tashi ya gangara kasuwa, ya sayo cikon a wurin wani mai kanti da bai taɓa jin sunan mamacin ba. An yi masa salla a Masallacin Harami bayan la'asar, aka binne shi a maƙabartar Ma'ala.

Ya rasu ya bar matarsa Ummulkhairi da 'ya'ya huɗu: Lurwanu, direban mota tsakanin Makka da Jidda, Ramlatu, da ke aure a Zahir, Mahmudu, masinja a wani ofishi, da Maimuna, da ke gaban mahaifiyarta. Babu ɗaya cikinsu da ya iya tuƙa huri, kuma washegarin sadakar uku babu wanda ya je sayen turmin bafta. Allah ya jiƙan Mukhtaru ɗan Wada, ya lulluɓe shi da suturar da mutanensa suka hana shi.